Suna So In Karanta Sunan Habu A Matsayin Ɓarawo

Assalamu alaikum warahmatullah. Admin, a saka wannan ba tare da sunana ba. 'Yan uwa na wannan zaure, don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Na san waɗanda muke zaune tare a nan za su gane ni tun daga layin farko, ba don su na ɓoye suna ba, don mutanen gida ne. Sunayen da zan ambata ma duk na canza su.

Ina zaune a Alƙahira. Kafin in zo na yi shekaru ina karanta labarai a wani gidan rediyo a gida, daga baya na ajiye, na zo nan ina yin difloma a fannin binciken laifuka da tsarin shari'a. Ƙaramar kwaleji ce mai zaman kanta, yawancin 'yan ajinmu masu gadin kamfanoni ne da ma'aikatan ofisoshin lauyoyi. Abin da ake koya mana shi ne yadda ake ɗaukar bayanin wanda ake zargi, yadda ake adana shaida, me kotu take karɓa, me take watsarwa.

Ɗalibanmu Hausawa a wannan ɓangare na gari suna da kwamitin dattawa, shugabansa wani dattijo ne da kowa ke kira Malam. Shi ya sauke ni a gidansa lokacin da na iso ban san kowa ba, shi ya nema mini ɗaki. Da suka san aikina na da, sai suka ɗora mini karanta sanarwa. Idan an yi rasuwa, ko haihuwa, ko an canza sharaɗin sabunta iƙama, wato izinin zama a ƙasa, Malam zai rubuta, ni kuma in karanta a saƙon murya a tura group. Mutanenmu ba sa tsayawa karanta dogon rubutu, amma suna sauraron murya. Kuma saƙon ba ya tsayawa a Masar, ana tura wa iyaye da malamai a gida, daga can ya ƙara gaba. Duk abin da na karanta, ana ɗaukarsa tabbatacce ne.

A wata shaƙƙa, wato gidan haya a cikin bene, da ke Hadayiƙ el-Ma'adi, inda ɗalibai da dama suke haya tare, laptop ɗin wani babban ɗalibi ta ɓace. Zan kira shi Ustaz. Digiri na biyu yake yi, kuma rubutun bincikensa yana ciki, don haka ban raina ɓacin ransa ba. A gidan akwai wani sabon zuwa, zan kira shi Habu, mutum ne mai shiru, wata gidauniya ce ta gida ta ɗauki nauyin karatunsa. Ranar da abin ya ɓace ya fita tun bayan asuba, bai dawo ba sai magariba. Da aka tambaye shi ya ce yana masallaci wajen darasi. Sai wani ya ce ƙarya ne, ya gan shi yana sauka daga jirgin ƙasa na metro a Ataba. Wanda ya san Alƙahira ya san a Ataba ake sayar da tsofaffin wayoyi da kwamfutoci. Shi ke nan bincikensu: ya yi ƙarya, kuma ya je Ataba.

Washegari bayan la'asar 'yan gidan suka rufe shi a ɗaki, suka yi masa duka da wayar wuta da bel, har ya ce shi ne.

Ban san da wannan ba sai da Malam ya kira ni zama a gidansa, ya ce tunda ni ke karatun bincike, ya kamata in halarta. Na tarar da Habu zaune a gefen kujera a karkace, ba ya iya jingina bayansa, kunnensa ɗaya a kumbure. A gabansa ake zuba shayi ana miƙa biskit. Ina shiga ɗaya daga cikinsu ya ce, "Ga ɗan sandanmu ya iso. Ma'alish, ka yi haƙuri Yallaɓai, mun rage maka aiki, mu ba mu je kwaleji ba amma kafin magariba mun gama." Aka yi dariya.

Na nemi a bar ni in yi wa Habu tambaya a gaban kowa. Na ce ina ya sayar, ya ce Ataba. Wa ya sayar wa, ya ce wani Bamasare. Wane shago, bai sani ba. Wace kala ce laptop ɗin, ya ce baƙa, alhali ruwan toka ce. Babu ko abu ɗaya a bakinsa da ba su ne suka saka masa ba. Wannan shi ne darasin farko da aka yi mana a kwaleji, cewa wanda aka daka yana maimaita abin da mai dukan yake son ji ne, amma ba sai na kawo musu kwaleji ba. Duk wanda ke falon nan ɗalibin shari'ar Musulunci ne. Na juya na tambayi Ustaz me fiƙihu ya ce game da iƙirarin wanda aka tilasta. Ya ba ni amsa cikakkiya, da Larabcinta, da saɓanin malamai, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Yana gamawa ya kurɓi shayi ya ce, "Amma wannan ladabtarwa ce tsakanin 'yan uwa, ya ustazi. Kai ka taɓa ganin ɓarawon da ya amsa laifi don an ba shi shayi?"

Na tambayi mutum nawa ke da makullin shaƙƙar, ba wanda ya sani. Duk wanda ya taɓa zama a gidan ya tafi da nasa, duk baƙon da ya sauka daga jirgi ana yanka masa. Na tambaya ko an ji ta bakin bawwab, mai gadin ginin, wanda ke zaune a ƙofa yana ganin mai shiga da mai fita. A nan Malam ya dakatar da ni. Ya ce, "Ɗana, maganarmu ba ta fita waje. Idan bawwab ya ji, mai gida ya ji, idan mai gida ya ji, 'yan sanda sun ji, kuma ka san halin iƙamar yaran nan." Na san halinta. Da yawansu tasu ta ƙare suna jiran sabuntawa, ta Habu ma ba ta fito ba.

Hukuncin da aka yanke shi ne za a sanar da gidauniyar ta janye shi ya koma gida, sannan a yi sanarwa a group don kowa ya kiyaye. Malam ya turo mini rubutun. Akwai cikakken sunan Habu, da na mahaifinsa, da garinsu. Akwai kuma layin da ya ce an tabbatar da laifin bayan bincike tare da masani a fannin. Ni ne masanin. Wato ba muryata kaɗai ake so ba, har karatun nawa ake so a lulluɓe wayar wutar da shi.

Bayan zaman na raka Habu kantin magani. A hanya ya gaya mini abin da ya kai shi Ataba. Dako yake yi wa wata 'yar kasuwa da ke zuwa daga Maraɗi sarin abaya da zannuwan gado, yana ɗaukar kaya yana ɗaure dila. Tallafin gidauniya yana makara, kuma sharaɗinta shi ne ɗalibi ba ya aiki, wanda aka kama an cire shi. Abin da ya sa ya ce yana masallaci ke nan. Ban tsaya a kan maganarsa ba, na hau metro na je na sami Hajiyar da yake yi wa dakon. Ta tabbatar mini yana tare da ita tun safe har rana ta faɗi, ita ta saya masa abincin rana, koshari. Ta ce, "Ɗan nan ko ruwa ba ya sha sai na ce Habu sha ruwa, shi ne zai saci kwamfuta?" Na roƙe ta ta zo ta faɗa wa kwamiti, ta ce a'a. Ta ce ita baƙuwa ce, idan aka ji tana ɗaukar ɗalibai aiki ba wanda zai sake taɓa mata kaya, kuma ba ta son abin da zai kai sunanta ofishin 'yan sanda.

Sannan ta faɗi abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Da na ambaci mutanen gidan, ta ce ai biyu daga cikinsu su ma suna yi mata dako, ɗaya ma shi ya kawo mata Habu. Su biyun suna cikin ɗakin da aka rufe. Wanda ya ce ya ga Habu yana sauka a Ataba, ba wanda ya tambaye shi me shi ya je yi a Ataba. Sun san sarai abin da ke kai ɗalibi can da sassafe. Sun sani lokacin da suke riƙe da hannuwansa. Faɗin gaskiya zai tona nasu aikin, sai suka zaɓi ya zama ɓarawo. Mutanen nan ina bin wasunsu salla.

Na koma wajen Malam na gaya masa a keɓe, ban ambaci sunan Hajiya ba. Bai musa ba, bai kuma yi mamaki ba, wannan ma ya dame ni. Ya ce idan aka buɗe maganar dako, gidauniya za ta bi kowa, ɗalibai da yawa za su rasa karatu saboda mutum ɗaya. Ya ce Habu yaro ne, zai koma gida ya yi wani abu, mutane suna mantuwa. Na ce masa ba a manta sunan ɓarawo a ƙauye, har 'ya'yansa za a kira da shi. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, ɗana. Ni na sauke ka a garin nan, ban taɓa neman komai a wajenka ba. Karanta kawai za ka yi, ba kai ka yanke ba." Ya ba ni zuwa bayan sallar Juma'a.

Ba zan karanta ba, wannan na gama yanke shi. Amma ƙin karantawa ni kaɗai yake wankewa. Wani zai karanta, ko a tura a rubuce, layin masani yana nan, Habu kuma ya hau jirgi da sunan. Idan na yi nawa saƙon na faɗi inda yake ranar, na cire masa sunan sata, amma na saka shi a laifin karya sharaɗi, zai iya rasa tallafin duk da haka, tare da wasu da ba su taɓa shi ba, waɗanda dakon nan ne abincinsu. Na yi wa wani malaminmu na kwaleji tambayar kamar misali, ya ce hanya ɗaya ce, a kai shi asibiti a rubuta rahoton raunukan kafin su baje, a shigar da ƙara. Haka littafi ya ce, kuma haka zan amsa a jarrabawa. Sai dai abu na farko da za a nema a wajen mai ƙara shi ne fasfo da iƙama, ina tsoron wanda aka daka ya riga waɗanda suka dake shi shiga motar 'yan sanda. Shatin da ke bayansa kuwa kullum raguwa yake yi.

Na zauna da Habu na shimfiɗa masa duk wannan, don rayuwarsa ce ba tawa ba. Ya ce ba ya son 'yan sanda, ba ya son a kori kowa saboda shi, har waɗanda suka dake shi. Na ce to me yake so. Ya ce, "Yaya, idan dole sai an karanta, gara kai ka karanta. Kai za ka iya tsallake sunan babana da na garinmu. Wani ba zai tsallake ba. Babana limami ne, a waya ake kunna masa saƙonninka."

Juma'a ta kusa. In fito da maganar dako in wanke shi, ko da shi da wasu za su rasa karatu? In kai shi asibiti da ofishin 'yan sanda alhali ya ce ba ya so? Ko in yi abin da ya roƙa, in kira shi ɓarawo da bakina don in rage masa sunan uba? Masana shari'a da ke wannan zaure, da waɗanda suka zauna a Masar suka san yadda iƙama take, don Allah ku faɗa mini wacce hanya ce za ta bar mutumin nan da sunansa.