Albishir daga kan dabino

Samnu, kusa da Sabha, Maris 2007

Zuwa ga Yaya Ɗijatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Allah ya ƙara miki ƙarfin gwiwa, ni dai tawa tana cikin filasta. Kada ki tsorata, ƙanenki ne ya faɗo daga dabino, kuma shi ya jawo wa kansa. Ina can sama ina barbara, wato sa garin namijin dabino a furen macen, sai waya ta yi kuka, Lamine ya faɗa mini magana ɗaya, na ɗaga hannu biyu don in gode wa Allah, na manta da su nake riƙe.

Maganar ita ce Fourera tana da ciki wata uku. Ɗiyarki da ɗana, Yaya. Jika ɗaya zai ishe mu mu biyu.

Kin tuna shekara huɗu baya da ciwon daji ya kama Lamine. Likitan Tarabulus ya ce maganin zai iya ƙone masa haihuwa, don haka a ɗebi irinsa a daskarar kafin a fara. Ni da na bar lakwal a aji uku na tashi na yi fatawa, na ce jikana ba kifi ba ne da zai fito daga firijo. Fourera ce ta tsaya, ta tambayi malami, ya ce in na miji ne da matarsa babu laifi, ta sa Lamine ya yarda. Da ya warke aka haɗa nasa da ƙwanta a asibiti aka mayar mata. Na farko bai zauna ba, na biyu ya kama.

Abin dariya, Hamed mai gonar nan ya tambaye ni me ke cikin kwalbar da nake ɓoyewa a firijonsa. Garin namijin dabino ne na bara, da shi nake barbara bana. Shekara ashirin ina aikin likitocin nan da tsumma da igiya, amma na zage su. Laifi tudu ne, na taka nawa.

Saura guda. Ranar da suka sa hannu a takardar yarda ta asibiti, Fourera ta aiko mini da tuwo, na mayar mata da shi ban buɗe ba. Tun daga nan tana gaishe ni Kawu kamar kullum, amma ba ta sake aiko da kwano ba. Ana cire filastar nan zan tafi Gurda, unguwarsu a Sabha, in zauna a ƙofarta in ce ina jin yunwa. Ke kika haife ta, ki aiko mini ta hannun Barka direba da abin da ake faɗa bayan wannan, don ban taɓa ba yaro haƙuri ba.

Ki sa su a addu'a, cikin bai yi ƙwari ba tukuna. Ki gai da Asmaou da Boukari da yara.

Ƙanenki mai ƙafa ɗaya,
Hachimou