Shawul ɗin da Na Warware

Talata, 2 ga Yuli, 2024

Aliero. Wata biyar ke nan tun da motar albasata ta kife bayan Maiyama ta bar ni da rabin jiki. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba nawa ba ne. Likita ya ce in riƙa rubuta abin da ke raina tunda na ƙi magana da mutane. To ga abin da ke raina: matata Lailatu ta fara waƙa.

Shekara ashirin da uku muna tare. Tun da anka dawo da ni daga asibiti ba ta da aiki sai juya ni, wanke ni, da kuka a madafi inda take zaton ba na ji. Kukan bai taɓa damuna ba. In faɗi gaskiya, daɗinsa nake ji, don ya nuna ba ni kaɗai abin ya samu ba. Sai wata Salima, ma'aikaciyar jinya a Jega inda muke karɓar magani, ta koya mata saƙa da kwarashi. Wai zai rage mata tunani. Wa ya ce ina son ya ragu?

Asabar, 6 ga Yuli

Shawul take saƙawa, ulu mai ruwan ƙwai. Na jaririn da ɗiyarmu Ihsan za ta haifa wata mai zuwa. Tana zama bakin ƙofar ɗakina, leɓenta na motsi tana ƙirga. Na lura in na kira ta a tsakiyar layi sai lissafin ya ɓace mata, ta koma farko. Yau na kira ta sau tara. Ruwa. Matashi. Ƙuda. Rufe taga. Buɗe taga.

Ko sau ɗaya ba ta yi tsaki ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Fuskarta ta ciko. Wallahi ta ciko. Ta koma sa kwalli.

Ta kawo saƙar har kan gadona: "Alhaji, duba, na iya fure yanzu." Na ce, "In na mutu, da wane launi za ki saƙa mini likkafani?" Ta naɗe abinta ta fita. Bayan la'asar na sake jin waƙar, ƙasa-ƙasa.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ruwa tun safe. Na kifar da kofin shayi kan ƙullin ulun, na ce hannuna ne ya kuɓuce. Hannuna lafiyarsa lau.

Laraba, 24 ga Yuli

'Yan ƙungiyarmu ta masu albasa sun zo gaisuwa, mutum huɗu. Kowa idonsa na kan keken guragu, bakinsa na cewa na yi kyan gani. Lailatu ta kawo musu fura da ulu maƙale a gefen mayafi. Na ce, "Kun ga sabuwar sana'ar gidan nan. Miji na ruɓewa a ɗaki, mata na saƙa fure." Biyu sunka yi dariya don sun rasa abin yi. Ta aje ƙwaryar a hankali.

Da sunka tafi ta ce, "Awa ɗaya ce a yini, Alhaji. Sauran duk naka ne." Na ce ita ma awar tawa ce.

An yanke shawara Ihsan za ta haihu a gidan mijinta a Maiyama, ba za ta zo wankan gida ba. Wai hidimar za ta yi wa uwarta yawa. Hidimar ni ke nan.

Litinin, 5 ga Agusta

Ta tafi Jega karɓo mini magani. Ta bar shawul ɗin kan kujera kusa da gadona, saura gefe ɗaya a gama. Na jawo shi da sanda don in gani kawai. Ya yi kyau. Ba zan yi wa littafi ƙarya ba, ya yi kyau ƙwarai, fure-fure a jere kamar an auna da magwaji.

Na zare kwarashin. Na ja bakin zaren kaɗan. Ashe haka abin yake, ja ɗaya sai ya biyo, tsit-tsit-tsit, layi bayan layi. Na ce layi ɗaya zan yi. Ban tsaya ba sai da babu sauran abin ja. Aikin mako bakwai, tsakanin azahar da la'asar ya koma tsibin zare kan cinyata, ya nannaɗe kamar taliya.

Tun ranar hatsarin ban yi wani abu da hannuna ya tabbata ba sai yau.

Ta shigo da leda a hannu, ƙafafunta duk taɓo. Ta tsaya. Ta daɗe. Na shirya amsa iri uku, ko ɗaya ba ta ba ni damar faɗa ba. Ta ɓare maganin, ta miƙo ruwa. Ta ce, "Ka ci abinci?"

Talata, 6 ga Agusta

Ta kwashe zaren ta cusa a buhu, ta jefa ƙarƙashin gadona. Babu waƙa.

Asabar, 10 ga Agusta

Babu waƙa, babu kuka. Tana juya ni kamar buhun albasa, da kula, don kar ya ruɓe. Abin da nake so ke nan, ko ba haka ba?

Juma'a, 16 ga Agusta

Ihsan ta sauka, namiji. Lailatu ta haɗa kaya ta tafi Maiyama. Akwatin da ta ɗauka ya fi ƙarfin kwana arba'in. A bakin ƙofa ta ce ta kira yayata Iyatu daga Sabiyal ta zauna da ni, ƙanena Sagir kuma zai riƙa zuwa safe da yamma don wanka.

Na ce, "Sai yaushe?" Ta ce, "Sai yadda ta yiwu."

Lahadi, 18 ga Agusta

Yaya Iyatu ba Lailatu ba ce. Na kira ta sau uku kafin ta leƙo. "Mi kaka so?" Na ce taga. Ta ce, "Hannunka ma ya mutu? Ga sanda nan." Tuwonta kamar dutse. Na ce ba zan ci ba, ta ɗauke ta ba kaji, ba ta kawo wani ba.

Juma'a, 23 ga Agusta

Suna. Khalil. Sagir ya nuna mini hoto a waya: jikana naɗe cikin shawul ɗin kanti, irin wanda kowa ke saye. Lailatu na gefe, ba ta kallon mai ɗaukar.

Laraba, 28 ga Agusta

Yaya ta ci karo da buhun tana shara. Ashe ta san labarin, duk dangi sun sani. Ta zazzage shi kan ƙirjina.

"Ga aikinka nan, Sanusi. Tun kana ƙarami haka kake, in ba ka iya gina ɗakin ƙasa ba sai ka taka na wani. Mota ƙafa taɗ ɗauke maka. Muguntar taka ce tun asali." Na ce ta fita daga gidana. Ta ce, "Taso ka fidda ni."

Ta bar ni da zaren har magariba. Ya sarƙe, ƙulli a cikin ƙulli. Na fara tsefe shi don ya sauka daga jikina, ba don komai ba.

Talata, 3 ga Satumba

Kwana shida ina warware sarƙiya. Ƙulli huɗu na naɗa, tsaf. Kwarashin na ƙasan buhun.

Abin haushi, hannuna ya san hanyar. Mako bakwai ina kallon yatsunta da ƙiyayya, ashe haddacewa nake yi. Soka, ɗauko, jawo. Na yi sarƙa mai tsawon kamu ɗaya. Da na ji takun Sagir na tura ta ƙarƙashin matashi.

Alhamis, 5 ga Satumba

Yaya ta kira ni cin abinci ina tsakiyar layi. Ashirin da bakwai ne ko talatin da bakwai? Na daka mata tsawa. Sai na tuna kira taran da na yi wa Lailatu.

Alhamis, 12 ga Satumba

Sagir ya kama ni. Ya yi dariya har ya dafa bango. "Yaya, kai da kake loda mota uku a yini!" Kafin la'asar labari ya kai kasuwa: Alhaji Sanusi ya koma saƙar mata. Wani ya aiko a tambaye ni ko ina karɓar aikin safa.

Na jefar da kwarashin bayan gado. Na yi awa biyu ina laluben sa da sanda.

Shawul ya fi ƙarfina. Hula nake yi.

Asabar, 21 ga Satumba

Na gama. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, saman ya yi tsini. Na ba Sagir ya kai Maiyama. Ya ce me zai ce. Na ce kar ya ce komai. Ya kai ƙofa na ce ya ce wata mata ce ta saƙa. Ya kai zaure na sa Yaya ta bi shi ta ce ya bar zancen matar.

Na kira Lailatu jiya, ba ta ɗauka ba. Karo na sha huɗu ke nan.

Litinin, 23 ga Satumba

Saƙon murya daga Ihsan. "Baba, mun ga hula, mun gode. Amma ba ta shiga ba. Ko rabin kai ba ta kai ba. Mun sa wa murfin filas, ta yi masa daidai." Mata na ta dariya a bayanta.

Sai muryar Lailatu daga nesa, ba da ni take ba, da Ihsan take: "Ce mai ya matse zaren da yawa. Ya saki hannu. Komi nai haka yake, sai ya shaƙe abu."

Ba ta yi dariya ba. Ba ta gaishe ni ba.

Alhamis, 26 ga Satumba

Jiya anka yi arba'in. Ba ta dawo ba. Sagir ya ce ta wuce Sarandosa wajen mahaifiyarta, ba ta faɗi rana ba. Yaya ta ce, "In ni ce, sai dai ka ji labari."

Asabar, 28 ga Satumba

Ulun da ya saura ya yi laushi saboda yawan tsefewa. Na ba Sagir saƙo Jega, ƙulli biyu, ruwan ƙwai. Ya ce in babu fa? Na ce ya nemi Salima ta nuna masa inda ake samu.

Na saki hannu. Layin ya fi faɗi, kwarashin na wucewa ba gardama. Na sa Ihsan ta auna kan yaron da zare ta faɗa mini tsawon, ta ce sai ta tambayi Innarta yadda ake aunawa. Na ce ta tambaya.

Ba don kowa nake yi ba. Yini ne yake da tsawo.

Yaya ta leƙo da rana tana riƙe da tsintsiya, ta ce wa ya kunna rediyo. Na ce babu rediyo a ɗakin nan. Ta tsaya tana kallona, sannan ta ce, "To rage murya, waƙar taka ba daɗi gare ta ba."

Layi na goma sha ɗaya.