Kaset ɗin Inna

Kano,
6 ga Maris, 1983.

Zuwa ga ƙanwata Atika,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Ummaru da duk mutanen Bodinga. Ya aka ji da tsadar nan? Mu nan har sabulu sai an yi layi.

Ga kaset nan na ba Ɗantani direba ya kawo miki. Don Allah ki riƙe shi da kyau. Tun da aka shiga tsuke bakin aljihu, guda ɗaya tal sashenmu na koyon aikin jarida ke ba kowane ɗalibi, a kansa za ka yi duk aikin shekara. An ce kowa ya ɗauko muryar wani dattijo na garinsu. Ki ari rikodar shagon Ummaru, ai keken ɗinki ba zai tsaya don an rasa kiɗa kwana ɗaya ba. Ki je garinmu Shagari ki sa Inna ta yi waƙoƙin niƙan da take yi muna yara.

Ni na san in na je da kaina ba za ta buɗe baki ba. Kin san kunyar ɗan fari irin tata. Shekarata ashirin da huɗu ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kullum “wancan” ko “yayanku”. Ba na faɗa, amma abin yana damuna.

Ki gaishe ta. Ya tarin nata?

Yayanki,
Maniru.

Kano,
22 ga Mayu, 1983.

Zuwa ga Atika,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, kaset ya iso, Allah ya yi miki albarka. Waƙa uku ta yi, sauran duk dariyarki ce da kukan awaki. Ke dai ba za ki taɓa zama ma’aikaciyar rediyo ba! Amma malaminmu ya yaba ƙwarai, har ya sa ’yan aji suka saurara. Na ji tana tsayawa tana tari, wannan bai yi mini daɗi ba. A kai ta asibiti, kada a biye mata.

Ɗaya gefen na kunna, na ji shiru kawai, na ce lalle kin manta ki danna ne. Ya ma yi mini amfani. An tura mu ɗauko taron ’yan siyasa, na cika shi da jawabin wani ɗan takara da ya yi alkawarin famfo a kowane gida. Aikina ya fi na kowa.

Hutun nan ba zan samu zuwa ba, an ba mu gurbin koyon aiki a gidan rediyo har a gama zaɓe. Ki ba Inna haƙuri.

Yayanki,
Maniru.

Kano,
9 ga Oktoba, 1983.

Zuwa ga Atika,

Ina gaishe ki. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Na iso lafiya, amma ban iya shiga aji ba har yau.

Ranar addu’ar bakwai, da kika ja ni bayan rumbu kika tambaye ni ko na ji gefe na biyu na kaset ɗin, na ce miki na ji. Ƙarya na yi miki, Atika. Kin yi murna, kika ce ai ta hana ki gaya mini ne, ta ce in na ji shi ke nan. Kika ce ta kori kowa daga ɗaki sai ke, ta daɗe zaune tana kallon rikodar ba ta ce komai ba, sannan ta kira sunana sau uku, ta yi mini addu’a. Ina tsaye ina gyaɗa miki kai.

Shirun da na ji ke nan. Inna ce take tattara ƙarfin hali, ni kuma ban iya jiranta minti biyu ba. Tun shekarar farko aka koya mana kada ka ɗora magana a kan kaset sai ka saurare shi har ƙarshe. Na ci wannan a jarrabawa.

Da na dawo na roƙi mai kula da na’urorin sashenmu ko akwai dabarar da za a dawo da abin da aka shafe. Ya ce babu. Na kunna shi ya fi sau ashirin, ina jin mutumin nan yana ihun famfo a kan muryar mahaifiyata. Can ƙarshe, bayan tafi ya yanke, akwai ɗan abin da ya tsira. Zakara ya yi cara, ta yi tari, sai ta ce, “Ya isa, Atika, kashe abin ga, kada mu ƙare ma Ummaru batir.”

Abin da ya rage mini ke nan.

Ki yafe mini ƙaryar. Kuma ina roƙonki, ke kaɗai kika ji. Ki zauna ki rubuto mini duk abin da ta faɗa, kada ki gyara komai. Ki gaya mini yadda ta kira sunan nawa: da ƙarfi ne, ko a hankali?

Yayanki,
Maniru.