Faifan da Na Ƙi Sa wa Lamba

Unguwar Sarkin Yara, Daura.
Talata, bayan la'asar.

Zuwa ga maigidana, Baban Fadila, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, gawon gonata mai fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa suka tuɓe. Assalamu alaikum. Ka ga har yanzu ban manta yadda ake jera maka kirari ba, ko da yake bayana yana ciwo, idanuna suna yaji, zuciyata kuma tana tafasa kamar tukunyar da aka manta a kan murhu.

Audi direba ya kawo mini takardarka daga Kongolam. Wata bakwai rabona da fuskarka, abin da na samu layi huɗu ne a bayan takardar awon hatsi! Ka ce Alhaji Nu'uman na Kano, mai sayen tsofaffin faya-fayan garmaho yana tura wa masu tara su a ƙasashen waje, zai zo gida. Ka ce in sauko da naka duka daga ɗakin sama, in ware masa su lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku. Ka ce kada in bar ko ɗaya, har ka ja layi a ƙarƙashin wannan. Na huɗu kuwa, ka ce in ɗan shafa musu man gyaɗa da tsumma, su yi sheƙi, karcen ya ɓuya. Shi ke nan. Ko tambayar ƙafata da ke kumbura babu. Shekara ashirin da biyu ina koyar da yaran mutane rubutun wasiƙa, mijina ya aiko mini da wadda ko ɗan aji uku ya kawo sai na mayar masa ya sake.

Duk da haka na yi aikin, hasken raina. Wa zai yi in ban yi ba?

Alhajin ya zo makon jiya, ya leƙa, ya ce zai dawo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kwana tara ke nan ina tashi daga makaranta in shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, in zauna da faya-fayai ɗari huɗu da goma sha biyu. Yadda ka koya mini nake yi, ban rage komai ba. In zaro faifai daga kwalinsa, in riƙe shi ta baki-baki da tafin hannu, kada yatsa ya taɓa fuskarsa. In karkata shi ga rana, don abin da inuwa ta rufa wa asiri rana ba ta rufa masa. In na ga zane, in bi ta kansa da farce a hankali. In farce ya wuce sumul, allura ma za ta wuce. In farce ya maƙale, allura za ta yi tuntuɓe a nan har abada. Sannan in ɗora shi a kan farantin tangaran in ga ko ya kwanta daidai ko yana rawa. Daga ƙarshe in haɗa garmahon da batirin motar da ka bari, in saurara.

Alhaji yana da lambobinsa, ni ma na raɗa musu nawa sunayen. Na ɗaya lafiyayye, mai yin waƙarsa daga fari har ƙarshe ba tare da an sa masa hannu ba. Na biyu mai tari, yana ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa a maƙwabta, amma muryar tana fita. Na uku gawa. Kana son ka ji yawansu? Lafiyayyu sittin da ɗaya. Masu tari ɗari da arba'in. Sauran duk na yi musu salati.

Kuma ba tsufa ne ya kashe su ba, ka sani, na sani. Kai ne mutumin da ke cewa faifai a tsaye yake kwana kamar littafi, a inuwa, nesa da bango mai zafi. Kai ne ka taɓa yin kwana biyu ba ka ci tuwona ba don na ajiye ɗaya a kan akwatin rediyo. Amma shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, da wani mai wa'azi ya ambaci masu kiɗan biki a masallacin unguwa, mutane biyu suka waiwayo suka dube ka, sai ka dawo gida ka nufi faya-fayan nan kai tsaye. Ka kwashe su ka hau da su ɗakin sama, ƙarƙashin kwano tsirara, ka jibge su a kwance, ka ɗora musu buhunan gero don kada a gani. Bazara bakwai suka yi a can! Na ɗauko wasu sun lanƙwashe kamar ganyen kabewa da rana ta buga, wasu sun manne da kwalinsu, wasu gara ta cinye hoton mawaƙin ta bar masa hula. Kuma wa ya zo bincike? Wa ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofar nan ya tambayi garmaho? Babu. Ko mutum ɗaya. Tsoro ne ya shigo, ya yi aikinsa, ya fita ba tare da ya cire takalmi ba.

Batun man gyaɗa kuwa, ban shafa ba, kuma ba zan shafa ba. Haba, Baban Fadila! Ka rufe shagonka, ka bar sana'ar sa kiɗa a biki da gari ya san ka da ita don gudun saɓon Allah, yau kuma ka ce in ɓoye aibin haja? Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, na karanta bayanin waɗanda suka hana da na waɗanda suka sassauta. Amma ban taɓa cin karo da malami ɗaya da ya halatta a rufe wa mai saye aibin abin da zai saya ba. Ka gudu daga abin da ake gardama a kansa, ka faɗa cikin wanda babu gardama. Kowane faifai na liƙa masa 'yar takarda, na rubuta ciwonsa da jan biro, irin wanda nake duba jarrabawa da shi: wannan yana tsalle a waƙa ta biyu, wannan bayansa ya fi gabansa lafiya, wannan kwalinsa ba nasa ba ne. In kuɗin ya ragu, ya ragu.

Na gaji, masoyina. Ba gajiyar tabarma kaɗai ba. Kowane faifai na ɗora sai ya buɗe mini wata ƙofa da na sha wahalar rufewa. Wannan ka sa a sunan Fadila. Wancan ka sayo a Damagaram ka dawo da shi a cikin riga don kada ruwa ya taɓa shi, kai kuwa ka jiƙe sharkaf ka yi mako kana atishawa. Na zauna ni kaɗai, mace mai furfura a gefen kunne, ina jin 'yan Sudan da 'yan Kwango da makaɗan ƙasarmu suna rera wa kaji waƙa. Rannan Yaya Haulatu ta shigo ta same ni ina share ido, ta ce ko hayaƙi ne. Na ce mata hayaƙin ƙanenta ne, tun daga Kongolam yake turnuƙo ni.

Yanzu bari in zo kan layin da ka ja.

Na san wanda kake nufi. Faifai ɗaya ne bai hau ɗakin sama ba, don ranar da kake kwasa na zare shi na soke shi a tsaye cikin littattafaina. Ka sha ganin gefen kwalinsa shuɗi a kan kanta, ka kawar da kai kamar ba ka gani ba. Ka tuna ranar da ya samu ciwonsa? Bikin 'yar kawuna a Dutsi, da yamma, ƙarƙashin tsamiya. An ɗauko ka daga Daura ka sa wa 'yan biki kiɗa, kana ta taƙama da wando mai faɗin ƙafa. Na ce ka ba ni in ga abin da ke waƙa a ciki. Ka miƙo mini, ina karɓa awarwarona ya zame ya ja masa zane tun daga tsakiya har kusan baki. Na jira ka yi faɗa. Ka dube shi, ka dube ni, ka ce ai yanzu ya zama namu mu biyu, sai a san yadda za a yi a ajiye shi a ɗaki ɗaya. Waƙar Kwango ce, ba ka jin ko kalma, amma ka rantse mini mawaƙin yana cewa ne idon wata yarinya ya hana shi noma. Sai bayan shekara goma wani malamin Faransanci da ya zauna a can ya gaya mini tallar sabulu ce. Ban taɓa faɗa maka ba. Fassararka ta fi daɗi.

Tun daga ranar, in allura ta iso wurin zanen sai ta tsaya tana maimaita gaɓa ɗaya. Kai kuwa ka san wurin kamar yadda ka san ƙofar gidanku. Kowace Juma'a da yamma, muna zaune, tun kafin ta iso za ka ɗaga ɗan ƙaramin yatsanka, ka ɗan taɓa kan allurar kamar mai tashin jariri, waƙa ta wuce. Shekara goma sha bakwai kana yi, ban ji ka yi tsaki ba ko sau ɗaya.

To, tunda aikin tantancewa aka ba ni, ban tsaya kan faya-fayai ba, na ɗaga kaina ga rana ni ma. Akwai zane, kuma farce yana maƙalewa. Ranar da kake hawa da su sama, a gaban Yaya Haulatu, na ce maka matsoraci. Na faɗa da ƙarfi, na kuma zaɓi kalmar ne don na san inda za ta shiga. Ka sauko, amma tun ranar ba ka gama saukowa ba. Shekara bakwai muna gida ɗaya kana gaishe ni kamar maƙwabciya, har ka samu dalilin awon hatsi a bakin iyaka ka tafi. Mutumin da aka raba shi da sana'arsa da sunansa a wata ɗaya, abin da yake bukata a gidansa ba alƙali ba ne. Na iya magana, ban iya shiru ba, wannan ne aibina, ga shi na rubuta da jan biro, ban shafa masa mai ba. Ka yafe mini. Har yanzu ina ganin ka yi kuskure, kada ka ɗauka na janye wannan. Amma ka yafe mini.

Jiya na sa faifan. A dokar Alhaji lamba uku ne, tunda ba ya kai ƙarshe sai da hannu. Na ɗauki biro in rubuta, hannuna ya ƙi. Da allura ta iso wurin, ta tsaya, na gwada taɓa ta yadda kake yi. Hannuna ya yi nauyi, ta tsallake baiti guda ta faɗa wani wuri da ƙara. Na sake, haka. Ashe duk shekarun nan ban taɓa lura da cewa ban iya ba, don ban taɓa bukatar in iya ba. Na bar shi yana ta juyawa a gaɓa ɗaya har aka kira magariba, na kashe.

Saboda haka ga abin da na yanke, ya abin ƙaunata, ya wanda ya fi kowa iya ɓata mini rai. Ɗari huɗu da goma sha ɗaya suna nan a jere, a tsaye, kowanne da takardarsa, Alhaji ya kwashe. Na goma sha biyun ba ya cikin ciniki da saƙo. Rabinsa nawa ne, kai ka faɗa da bakinka a Dutsi, kuma ban sayar ba. In kana son ya tafi, Kongolam ba Makka ba ce, motar Audi tana tasowa kullum da hantsi. Ka zo ranar Juma'a, ka karɓe shi daga hannuna, ka miƙa wa Alhaji da naka hannun ina kallonka. Wallahi ba zan ce uffan ba, ka san kuwa abin da wannan alkawari zai ci mini. Abu ɗaya na roƙa: kafin ka miƙa, mu sa shi sau ɗaya, ka ɗaga yatsan nan, in ji ƙarshen waƙar. Shekara bakwai ban ji yadda take ƙarewa ba.

Zan dafa dambu da zogale. Batirin ma na aika an yi masa caji.

In ka zo, ka same ni. In ba ka zo ba, Juma'a ta gaba ma ka same ni, da wadda ke bin ta, har ranar da za a ɗauke ni daga gidan nan a kafaɗa. Ban san wata waƙa ba, ban kuma da niyyar koyo.

Taka, mai fushi da kai, mai jiran yatsanka,
Ikilima.