Lallen Hasiya

Litinin, 11 Nuwamba 2024

Masu bincike daga jami'a sun sauka a asibitin garinmu da wata na'ura. Wai haske kawai take haskawa a gindin farce, sai a ga jini yana tafiya. Ba allura. Rahama, injiniyar da ta haɗa ta, ta zo lakwal, makarantarmu, ta yi mana bayani mu malamai.

Ban taɓa yarda a gwada jinin 'yata Hasiya ba. Sikila ce ta ɗauke min yayanta Isa, kuma tsoron sani nake. Amma kallo ai ba gwaji ba ne. Na ce za mu zo.

Laraba, 13 Nuwamba

Inna Dije! Ta ji za a ɗauki hoton hannun jikarta, sai ta kwana ta ƙunsa mata lalle har wuyan hannu. Wai ba za a kai yarinya gaban baƙi da hannu fari fat ba. Hasken ya kasa ratsawa, gashi jibi za su tafi. Dariya na yi a asibiti, a hanya kuwa na ji wani sanyi a raina, kamar an ɗage min hukunci. Kunya.

Alhamis, 14 Nuwamba

Rahama ta aiko a dawo, za ta gwada cikin leɓe.

Allahu akbar. Na gani da idona. Hanyoyi siraran da ba su kai gashi ba, ƙwayoyin jini suna bin juna ɗaya bayan ɗaya, kamar 'yan kifi a bakin tabki. Tun ranar da na haife ta suke wannan tafiya ban sani ba. Hasiya ta tambaya ko suna barci.

Na ce, su lafiyayyu ne? Rahama ta ce: "Malama, na'urata tana koyo ne tukuna. Ba zan yi miki ƙarya ba, sai an ɗibi jini."

Asabar, 16 Nuwamba

Maraɗi. An ɗiba. Ita ba ta yi kuka ba.

Juma'a, 22 Nuwamba

Likita ya ce tana ɗauke da gadon sikilar a jininta, amma ba irin mai kwantarwa ba. Alhamdu lillahi.

Na kai atamfarta wurin tela. Ya ɗauko awo zai yanka daidai jikinta yadda na saba sa shi. Na ce ya ƙara tsawo, ya naɗe a ciki, don za ta girma.