Yatsan Hagu na Kaka Mbarka

Talata, 4 ga Oktoba 2011

Ban taɓa gaya wa kowa ba. Duk ranar da Inna ta aike ni sayo garin lalle, nakan bi ta bayan tsohon shagon ɗinki inda 'yan ƙungiya suke taro. In tsaya gindin taga kamar ina gyara takalmi. Maganar zaɓe suke yi, yadda za a sa ido kada a yi maguɗi, da yadda za a fito da mata. Shekarata sha biyar, ba ni da ƙuri'a. Ni dai muryar Yaya Dalanda, ɗaya daga cikinsu, nake saurara. Tana magana a gaban maza, muryarta ba ta rawa.

Ni ko sallama na yi sai an ce in maimaita.

Asabar, 8 ga Oktoba

Kaka Mbarka ta ce za ta yi zaɓe ko da rarrafe ne. Ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa shiga ɗakin zaɓe ba. A da mai unguwa ne ke leƙowa ya ce kada su wahalar da kansu, an riga an yi musu. Ta ciro katinta daga cikin akwati ta goge shi da gefen zani, ta ce wannan hoton ba ita ba ce, wata tsohuwa ce suka liƙa mata. Na yi dariya har na zubar da shayi. Ta ce, “Ashe bebiyar gidan nan tana da haƙora.”

Haka take kirana. Ba na jin haushi in ita ce.

Laraba, 12 ga Oktoba

An sa bikin Shadliya, wata 'yar ƙauyenmu. Ƙunshi ranar Alhamis, kwana uku kafin zaɓe. Inna ce mai ƙunshin, ni kuma zan yi wa baƙi. Duk matan ƙauyen nan za su zo.

A wajen gashin burodi na ji wata magana. Wai a rumfar zaɓe za a tsoma yatsan kowa cikin tawada, don kada ya dawo ya sake. To wai duk macen da aka ga yatsanta da launi za a ce ta riga ta yi, a kore ta, har ma soja su riƙe ta. Lallenmu na garin Gabes kuwa in ya kwana kusan baƙi yake komawa. Matan suka ce to shi ke nan, zaɓe ya wuce su, don ba mai zuwa biki da farin hannu. Wata ta ce daga bakin Si Munsif maganar ta fito, tsohon mai unguwa, kawun ango. Shi ne ma ya tsayar da ranar bikin.

Na gaya wa Kaka. Ta mayar da katin cikin akwati.

Juma'a, 14 ga Oktoba

Yaya Dalanda ta zo gidanmu. Na ɓuya a kicin ina ɓare rumman, amma ina ji.

Ta ce wa Inna maganar ƙarya ce, amma ta zagaya gida-gida ta faɗa ba wadda ta yarda. Sun ce ita ai 'yar boko ce, ba ita soja za su riƙe ba. Don haka ta zo roƙo, a bar wa kowace mace yatsan nuni na hagu babu lalle, tunda shi ake tsomawa. Ta haka ba mai samun abin faɗa.

Inna ta kama haɓa. Ta tambaye ta ko zaman birni ya sa ta manta. A garin nan mai takaba ce kawai ake bar wa farin yatsa. Gidan biki cike da fararen yatsu, me aka yi wa amarya fata ke nan? Ta ce ba za a fara wannan a kwanonta ba.

Da Yaya Dalanda za ta fita ta gan ni. Ta ce, “Ke ce mai gyaran takalmi a tagarmu, ko?” Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta yi murmushi kawai ta wuce.

Asabar, 15 ga Oktoba

Ban iya cin kuskus ba. Kaka ta ce ko soyayya na fara.

Litinin, 17 ga Oktoba

Na yi abin da ban san zan iya ba.

Inna ta aike ni gidan su Shadliya in duba hannunta don zanen da za a yi. Muna cikin ɗaki mu biyu. Na riƙe hannunta na daɗe ina juyawa, har ta ce ko duba zan yi mata. Sai na faɗa, da ƙyar, idona a ƙasa. Na ce in ita amarya ce ta fara barin yatsan, ba mai cewa mugun fata ne. Sai da ta sa na maimaita don ba ta ji ba.

Ta ce ita ma tana son ta yi zaɓen, ta ma san wanda za ta ba, kuma ba wanda kawun miji yake so ba ne. Amma uwar miji fa? Na ce ban sani ba. Da gaske ban sani ba. Ta ce in tafi, za ta yi tunani.

Na kamo hanyar gida.

Alhamis, 20 ga Oktoba

Tsakar gida ya cika tun la'asar. Ganga, guɗa, turaren wuta, yara suna ta satar alewa. Inna ta zauna gaban amarya da kwano. Da ta zo kan yatsan, Shadliya ta naɗe shi cikin tafinta. Ta ce a hankali, “Inna Rabiha, wannan ki bar mini shi.”

Ganga ta tsaya. Uwar ango ta miƙe tana tambaya wa ya mutu, ko ɗanta ake wa fata. Mata suka hau surutu. Inna ta juyo ta dube ni, na san ta gane.

Sai Kaka ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce a duk wajen nan ba wadda ta fi ta sanin farin yatsa, ta bar shi don miji, ta bar shi don ɗa. “Na san na mutuwa in na gan shi. Wannan ba shi ba ne. Ke Widad jikata, zo ki yi mini, ki bar mini ɗaya. Yau dai in bar shi don kaina.”

Wata ta yi guɗa daga baya, ban ga ko wace ce ba. Ganga ta dawo. Inna ta tsallake yatsan amarya. Ba duka suka bi ba. Dangin ango sun ce a cika musu hannu har farce. Amma da yawa sun miƙo hannu suna cewa irin na amarya. Na yi ta yi har bayana ya ƙage. Muka naɗe hannaye da tsumma, kowa ta tafi.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce gobe ni zan wanke kwanonin duka.

Juma'a, 21 ga Oktoba

Wayyo ni.

Da safe na kwance wa Kaka tsumma. Lalle ya kama da kyau. Farin yatsan yana hannun dama.

Gabansu nake zaune, fuska da fuska. Hannun da ke gefen haguna na riƙa ɗauka, ashe nasu na dama ne. Duk wadda Inna ta yi wa daidai ne. Duk wadda ni na yi wa, na ɓata. Kafin hantsi mata sun fara shigowa suna ɗaga mini hannu. Wasu dariya suke yi, wai makaranta ma da na bari ashe dama da hagu ne suka kore ni. Wata kuwa ranta ya ɓaci, ta ce ta ɗauki yatsan takaba a banza, ga zaɓen ma ba za ta samu ba.

Na shiga bayan gida na yi kuka.

Asabar, 22 ga Oktoba

Lemun tsami, toka, sabulun wanki, har da dutsen goge ƙafa. Yatsan Kaka ya yi ja ya kumbura, lallen yana nan. Ta ce in bari haka nan kada in cire mata shi gaba ɗaya.

Yaya Dalanda ta leƙo a gurguje, an tura ta sa ido a wani ƙauye, ba za ta kasance a rumfarmu ba. Ta ce Kaka ta je kawai, ba abin da zai faru. Kaka ta ce ita ba soja take tsoro ba. A kore ta a gaban yaran da ta goya, wannan ne ba za ta iya ɗauka ba. Ta ce bari dai ta ga yadda gari zai waye.

Lahadi, 23 ga Oktoba

Hannuna ciwo yake amma sai na rubuta.

Na tashi na tarar da Kaka ta sha farin mayafinta, kati a ƙirji. Ta ce in zo in zama sandarta ta biyu. Layi ya fito daga makarantar firamare har bakin titi. Maza sun fi yawa. Mata kaɗan ne, masu farin yatsa na hagu, har da amarya da ƙawayenta. Aka ba Kaka hanya saboda tsufa.

Daf da ƙofa wani ɗan gidan Si Munsif yana jingine da bango. Ya dubi hannunta ya ce da ƙarfi, “Hajiya, ai ke kin riga kin yi. Ki koma gida tun kafin a ji kunya.” Mutane suka juyo. Na ji hannun Kaka ya saki nawa. Ta fara juyawa.

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ce, “Lalle ne.” Ba wanda ya ji. Na sake faɗa har sai da sojan bakin ƙofa ya waiwayo. “Lalle ne. Ni na sa mata ranar Alhamis, ni na yi kuskuren hannu. Ba ta taɓa zaɓe ba tun da take.”

Malamin da ke kula da rumfar ya fito. Ya karɓi katin, ya duba sunanta, ya kama yatsan ya kai hanci. Ya ce tawadarsu ba ta ƙamshi haka. Ya ce ba wata doka da ta hana mai lalle, uwarsa ma da nata ta yi da safen nan. “Shigo, Kaka.” Ni aka ce in jira a waje.

Ta daɗe. Da ta fito tana ɗaga yatsan sama kamar kyandir, shuɗi a kan baƙi. Idonta ya cika amma bakinta bai mutu ba. Ta ce takardar ta kai faɗin tabarma, kuma ba za ta gaya wa kowa wanda ta ba ba, ko ni.

Sai ta ce, “To me kike tsaye yi? Sauran suna gida.”

Na ruga. Na fara da waɗanda na ɓata wa hannu. Ƙofar farko na tsaya ina haki na kasa bugawa. Ta biyu ta fi sauƙi. Ina cewa an karɓi Kaka Mbarka da lallenta, ku fito. Wasu suka ce sai sun gani da ido, na ce tana zaune gindin bishiyar makaranta tana nuna wa duk mai wucewa. Har gidan uwar ango na shiga. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce yaushe na fara magana. Ba ta ce za ta je ba. Amma da la'asar na hango ta a layi, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Wasu ba su fito ba har aka rufe. Matar da ta yi fushi da ni ta ce in ɓace mata daga ƙofa.

Litinin, 24 ga Oktoba

Muryata ta dushe. Inna ta dafa mini na'a-na'a da zuma, ta ce maƙogwaron bai saba aiki ba ne. Kaka ta ƙi wanke hannun hagu, da dama kawai take komai.

Laraba, 26 ga Oktoba

An ce waɗanda Kaka take so ba su samu ƙuri'u da yawa ba. Ashe ta gaya wa kowa. Ta ce ba komai, yanzu ta san hanyar ɗakin.

Yaya Dalanda ta zo da yamma. Ta ce a ƙauyen da ta yi aiki, can bayan dutse, mata da yawa ko katin shaida ba su da shi, kuma mazan ba sa barin 'yan ƙungiya su shiga gida. Ranar Asabar za su koma don taimaka wa matan su samu katin. Ta ce mai ƙunshi kuwa ba a hana ta shiga ko'ina. Ba ni take kallo ba da ta faɗa, Inna take kallo. Inna ta ci gaba da tankaɗe, can ta ce garin lalle dai akwai saura a buhu.

Ni ban ce zan je ba. Wa zai saurare ni a garin da ba a san ni ba?

Na dai raka ta bakin ƙofa, na tambaye ta ƙarfe nawa motar take tashi.