Ni Na Mintsini Ɗana, Malamarsa Aka Kora

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu bin shafin nan, Allah ya sa kuna lafiya. Don Allah a ɓoye sunana. Mai shirin zagina ya ɗan dakata ya kai ƙarshe, ba wanke kaina na zo yi ba.

Muna zaune wajen Ƙofar Guga, ni da mijina da ɗanmu tilo mai shekara shida. Zan kira shi Safwan. Yana da lalurar da likita ya ce mana sunanta otizim, ba ya magana sai kalma biyu ko uku, kuma tun yana shekara huɗu yake mintsini. Ba irin na wasa ba, kama fata yake ya murɗe har ta fashe. Hannayena duk tabo ne, na daina shiga mutane tun ranar da ya mintsini jaririyar maƙwabciyata a gidan suna. Yayata ta ce sangarta ce, in ya yi mani in rama, in ya ɗanɗana zafin zai bari. Na ce Allah ya kiyaye. Ba a yi sati biyu ba, ina yi masa wanka ya damƙi wuyana, sai kawai na ga yatsuna a cinyarsa. Bai yi kuka ba, bango ya kalla. Daga nan na ci gaba, a cinya ko ƙarƙashin hammata, inda riga ke rufewa, har kusan wata biyar. Ya daina? Ko kaɗan.

A lokacin yana zuwa wata ƙaramar makaranta a unguwar GRA, hannun wata malama da zan kira Malama Rabi. Ita ce ta fara zama tana lura da abin da ke faruwa kafin ya yi mintsinin. Ta gano yana yi ne in an tada janareta, ko yara sun yi masa rumfa, ko yunwa ta kama shi wajen sha biyu. Ta ce mani ba mugunta ba ce, magana yake so ya yi ta ƙi fita. Ta ɗinka masa ɗan ƙullin tsumma cike da gero ya riƙa matsawa, ta yi masa katuna masu hoton ruwa da abinci da bayi, ya nuna wanda yake so. In ya kai mata hannu ba ta tsawa, sai ta sauke hannun a hankali ta miƙa masa ƙullin. A makaranta abin ya ragu sosai. Ta koya mani duka, na gyaɗa kai, na dawo gida na ci gaba da nawa. Wace irin uwa ce wannan?

Wata Asabar Abbansa ya tafi da shi gona a Batagarawa, yaron ya ɓata jikinsa da taɓo, garin canza masa kaya ya ga tabban. Ya shigo ina tsince shinkafa, ya ɗaga rigar ya ce, "Wa ya yi masa wannan?" Na ce, "Ni ma na gani, daga makaranta yake dawowa da su." Muryata ko rawa ba ta yi ba. Ranar Litinin ya je ya tada hankalin makarantar, aka sallami Malama Rabi a ranar, sunanta ya zagaya wayoyin iyaye. Ina karanta zagin da ake yi mata, na ajiye wayar na ɗora girki. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, har yau ban ji ba. Na daina mintsininsa, amma ba zan ce tuba na yi ba, hannun ne kawai ya daina ɗaguwa.

Makon jiya da la'asar Malama Rabi ta yi sallama gidanmu, Abbansa yana ofis. Ta kawo katunan da ƙullin a leda. Safwan da ba ya zuwa wurin kowa ya je ya zauna a gefenta. Da na tambayi aiki ta ce makarantu biyu sun mayar da ita saboda labarin. Ta sha ruwa, ta miƙe, a bakin ƙofa ta ce, "Maman Safwan, na riga Abbansa ganin tabban nan da daɗewa, ban faɗa ma kowa ba. Kin gaji ne. Ki samu wanda zai riƙa karɓarki ko da awa biyu ne a rana." Ba ta ce in wanke ta ba. Na ce mata ta gaida gida.

In na faɗa wa Abbansa, na san shi, zai kai yaron wurin kakarsa, wato surukata, ita kuma ta yi imani aljanu ne, hayaƙi da duka za a sa masa. In na yi shiru, baiwar Allahn nan za ta ci gaba da yawo da laifina a kanta. Anti, jama'a, ku dubi girman Allah ku faɗa mani gaskiya. Me zan yi?